Yadda ake cewa "ban iya ba" a Rashanci da Turanci

Tambaya: Malam, ina karatun jinya a Rasha, wasu darussan da Rashanci, wasu da Turanci. Wata malama ta ce in yi allura a ɗakin gwaji, ni kuma ba a taɓa koya mini ba, sai na ce mata "ya ne mogu". Ranta ya ɓaci kamar na ƙi bin umarni. Ina kuskurena? Kuma yaya zan nuna ban ƙware a abu ba, ba tare da na zubar da kaina ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Hausa ce ta ja ka. Mu kalmar "iya" ɗaya ce ke ɗaukar kaya biyu, lokacin aikatau ne ke raba su: "ban iya ba" rashin koyo ne, "ba zan iya ba" rashin hali ne ko rashin dama. Rashawa kalmomi biyu daban suka ware. "Ya ne umeyu" na nufin ban koya ba, hannuna bai san aikin ba. "Ya ne mogu" kuwa na nufin wani abu ya hana ni: ciwo, tsoro, doka, ko ma ban ga dama ba. To ka ga abin da malamar ta ji: ɗalibi ya tsaya da sirinji a hannu yana cewa ba zai yi ba, bai kuma kawo dalili ba. Da ka ce "ya yeshcho ne umeyu, pokazhite, pozhaluysta", wato ban iya ba tukuna, don Allah a nuna mini, da ta kama hannunka ta gwada maka.

Akwai ta uku da za ta fi yi maka amfani a ɗakin gwaji: "u menya ne poluchayetsya". Wannan ta wanda ya gwada ne abin ya ƙi, kamar mai neman jijiya har sau uku bai samu ba. Jimlar ba ta ɗora laifi a kanka kai tsaye, cewa take yi abin ne bai fito ba.

Idan kuma fanni ne gaba ɗaya ba ka da ilminsa, ba aikin hannu ba, sai ka ce "ya v etom ne razbirayus". Asalin kalmar "razbirayus" daga warware abu gunduwa-gunduwa ne, kamar makanike da ya san cikin inji. Da harafin "v" take tafiya, sunan da ke bayansa kuma ya canza ƙarshe: "v khimii", "v kompyuterakh". Mai laushi a kanta ita ce "ya v etom ne silyon", ba ni da ƙarfi a nan. Mace sai ta ce "ne silna". Kada ka haɗa su da "ya ne v kurse", wadda ke nufin labarin ne kawai bai iso ka ba.

Turanci ya fi kama da Hausa, domin "I can't" na ɗaukar ma'anonin biyu, don haka shi ma yana iya jawo irin wannan ruɗani. A asibiti ka fito fili: "I haven't been trained to do this" ko "I don't know how to do it yet". Ga fannin da ba naka ba, "that's not my field" ko "I'm not familiar with it" sun wadatar. Idan aiki ya fi ƙarfinka, "I'm out of my depth" hoton wanda ya shiga ruwan da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ne, kuma manya ba sa jin haushinta.

Kalmar da nake so ka kiyaye ita ce "incompetent", da 'yar'uwarta ta Rashanci "nekompetentny". Ba ta ɗan koyo ba ce. Hukunci ce a kan wanda aka ba aiki, ake biyansa, ya kasa. Irin kalmar da ake sawa a takardar ƙorafi. Ɗalibin da ya kira kansa haka ya yi wa kansa mummunar shaida. Sannan idan ma'aikacin ofis ya ce maka "eto ne v moyey kompetentsii", ba yana amsa jahilci ba ne. Cewa yake ba huruminsa ba ne, ka nemi wani tebur.

Kalmomin raha suna da yawa, kuma a nan ne harsunan suka fi daɗi. Sabon shiga a Rashanci "chaynik" ne, wato butar shayi, ana yawan faɗin ta ga sabon direba da wanda bai saba da kwamfuta ba. Abin da ya gagari fahimta, Bature ya ce "it's all Greek to me", Barashe ya ce "kitayskaya gramota", rubutun Sin, ko "tyomny les", daji mai duhu. "Ni belmesa" daidai take da namu "ko bihim bai sani ba", kuma an aro ta ne daga harsunan Turkawa, inda "bilmez" ke nufin bai sani ba. Mai hannun da komai ya taɓa sai ya ɓaci, Turawa su ce "all thumbs", Rashawa su ce hannayensa ba daga inda ya dace suka tsiro ba.

Duk waɗannan ka faɗe su a kan kanka, a cikin abokai. Da ka juya su kan wani sun zama gori, musamman wadda ke cewa mutum ya san abu kamar yadda alade ya san lemu, "kak svinya v apelsinakh". Wannan zagi ce tsantsa, ka gane ta idan ka ji, amma kada ta fito daga bakinka a gaban malami. Da malamai kuma ka riƙe "vy", wato "ku" ta girmamawa, shi ya sa na rubuta maka "pokazhite" a sama, ba "pokazhi" ba.