Tambaya da Amsa: Rigimar Hedikwata da Reshenta na Ƙetare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na reshen wani kamfanin ƙetare. Kullum cikin saɓani muke da hedikwata: su ce ba ma kawo riba, mu ce su suka ɗaure mana hannu. Ta ina ake fara gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Fara duba farashin da uwar kamfani ke sayar muku da kaya, don galibi a nan gizo ke saƙa. A ce kaya ya tsaya mata a dala 60, ta ba ku a 90, kasuwarku kuma ba ta ɗaukar sa sama da 100. Ita ta kwashi 30, ku an bar muku 10, a ciki za ku biya albashi da haya da talla. Sannan a zo a cire kuɗin amfani da sunan kamfani da ladan gudanarwa. Ƙarshen shekara a ce manajanku ya gaza, alhali alƙalamin da ya rubuta asarar ba a hannunsa yake ba. Wannan a ganinmu rashin adalci ne, kuma yana da haɗari: ƙa'idar OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ita ce kamfanonin gida ɗaya su yi ciniki a farashin da bare da bare za su yi. In hukumar haraji ta ga an saɓa, tana iya sake lissafin ribar ta ɗora tara, kuma reshe za ta kama.

Ku nemi a auna ku da abin da kuke da iko a kansa: yawan ciniki, kuɗin da kuke kashewa, kwanakin da bashi ke yi kafin a karɓo shi, da kayan da ke kwance a sito. A kuma tsayar da farashin canji guda tun lokacin kasafi, kada faɗuwar darajar kuɗi ta zama laifinku.

Sai iyakar iko. A rubuta ta a takarda ɗaya: kuɗi nawa manaja zai sa wa hannu shi kaɗai, daga nawa sai an tuntuɓi hedikwata, kuma cikin kwana nawa za ta amsa, misali kwana 5 na aiki. Wa'adin nan aka fi mantawa da shi, kwangila ta wuce ana jiran amsa. Farashi, talla da mu'amala da ma'aikata su fi karkata ga reshe. Ga misalin abin da rashin yin hakan ke jawowa: Walmart, mai manyan shagunan sayar da kaya a Amurka, ta shiga Jamus a 1997 da tsarin aikinta na Amurka, bai karɓu wurin ma'aikata da masu saye ba, ta sayar wa kamfanin Metro na Jamus shagunanta 85 a 2006.

Tambaya: In umarnin hedikwata ya ci karo da dokar ƙasar da reshe yake fa?

Amsa: Dokar ƙasar ce gaba. Kamfanin da aka yi wa rajista a can mai zaman kansa ne a idon shari'a, daraktocinsa za a tuhuma. A nemi umarnin a rubuce, a ji ta bakin lauyan ƙasar, a shigar da ƙin amincewar cikin bayanan taron daraktoci. Batun cin hanci kuwa ta ɓangare biyu yake kamawa, domin dokar Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 suna iya bin uwar kamfani kan abin da aka aikata a ƙetare.