Bayan GCC 14, sai na sake haɗa komai?

Ka ce ka ɗaga GCC, wato abin da ke haɗa rubutun C da C++ ya zama manhaja, daga 13 zuwa 14 a Gentoo, wani nau'in Linux, kana tambaya ko dole ne ka sake haɗa duk manhajojin da ke kan kwamfutar. A'a ɗan'uwa, ba sai ka yi ba. Ka zaɓi sabon da umarnin gcc-config, ka buga source /etc/profile, sannan ka sake haɗa libtool kaɗai, wato kayan aikin da ke taimakawa wajen haɗa laburaren manhajoji, don shi yana riƙe da hanyoyin tsohon GCC a cikinsa. Sauran za su ci gaba da aikinsu lafiya lau, tunda sabon libstdc++, laburaren C++ da ke zuwa da GCC, bai zubar da abin da tsohon ke bayarwa ba. Inda aka sha wuya shi ne GCC 5 na 2015, da ya canza tsarin std::string, abin da C++ ke ajiye rubutu a cikinsa, har sai da aka sake haɗa kayan C++.

Sai dai kada ka yi gaggawar barin emerge --depclean, umarnin da ke share manhajojin da ba a bukata, ya share maka GCC 13. GCC 14 ya tsananta wa tsohon rubutun C: kiran aiki (function) da ba a gabatar da shi ba, wanda da gargaɗi kawai ake yi a wuce, yanzu kuskure ne mai tsayar da haɗi. Ni na share nawa da wuri, wata tsohuwar manhaja ta ƙi haɗuwa ƙememe, na kwana ina sake gina 13 a ƙaramar kwamfutata, fankarta na ta kuka har asuba. Portage, mai kula da manhajojin Gentoo, yana barin su biyun su zauna tare, ka bar 13 tukuna.