Inuwar Da Na Goge, Da Wanda Ya Cinye Mini Gumina

Jiya bayan la'asar ka miƙo mini wayarka ka ce, "Oga, dubi abin da 'yan kallo ke rubutawa a ƙarƙashin kashi na uku na shirin fim ɗin da nake tacewa. Wai aljanar ba ta ba da tsoro, a sa mata jan ido da hayaƙi. Yaya ake yi? Kuma in bi maganarsu?" Ban tanka maka ba a lokacin, don tambayar taka ta fama mini wani tsohon miki. Yanzu zan amsa. Jawo kujera ka zauna, ka kife wayar nan a kan tebur, ba na magana da mutum idonsa yana kan gilashi.

Yadda ake sa mutum ya ɓace ɓat ba zan ɓata yawuna a kansa ba. Ka kafe kyamara a kan ƙafarta kada ta motsa, ka ɗauki wurin babu kowa, ka ɗauka da mutum, ka yanka. Wani Bafaranshe, Georges Méliès, tun 1896 yake wannan siddabaru a Paris da kyamarar da ake juyawa da hannu. Jan ido kuwa, ko yaron da ke kawo mana shayi zai iya idan ka bar masa kwamfutar na awa biyu. In har sai na koya maka wannan bayan wata takwas a gabana, to gara ka koma gida.

Ni na shiga sana'ar nan ta fim ɗin Hausa kafin mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood a 1999. Da bidiyon kaset biyu muke tace hoto, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa, idan ka yi kuskure a tsakiya sai ka dawo farko. Daga nan a kai kasuwar Ƙofar Wambai, kuma a can kake jin hukuncin 'yan kallo, daga bakin 'yan kasuwa, bayan sati biyu ko uku. Ku kuwa shiri bai gama hawa YouTube ba kun buɗe sharhi kuna rawar jiki, wani ya ce tafi hagu ku tafi, wani ya ce dama ku juya. Ba ku da ƙashin baya, yaran yanzu. Kowa da waya a hannu ya zama malaminku.

Ka fara riƙe wannan. Allah Ya faɗa a cikin Suratul A'araf, aya ta 27, cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganin mu ta inda mu ba ma ganin su. Bahaushe da wannan ya tashi. Kakarka ba ta taɓa ce maka ta ga aljani da ƙaho ba. Cewa ta yi ka shigo gida magariba ta yi, kada ka zubar da ruwan zafi a makwarara ba bisimilla, kada ka yi fito da dare, kada ka zauna gindin tsamiya da tsakar rana. A tatsuniyoyin da muka ji muna yara, kyakkyawar budurwa ce ake haɗuwa da ita a hanya, sai an kalli ƙasa a ga kofato. Ko masu bori da ke kiran sunayen iskokinsu, Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna, a jikin mutum suke cewa sun hau, ba wanda ya zana maka kamanninsu. Tsoron namu a abin da aka ɓoye yake. Ranar da ka nuna wa Bahaushe fuskar aljani da fenti da haƙoran roba, dariya zai yi, kuma da gaskiyarsa.

A shekarar 2020, da aka kulle Kano saboda korona, kasuwar faifai dama ta riga ta mutu, kowa ya koma shiri mai dogon zango a YouTube. Bayan an sassauta kullen wani furodusa ya zo shagon nan, ya zauna a daidai inda kake. Ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa, muna haɗuwa a titin gidan Zoo yana sunkuyar da kai. Ya zo da labari mai kyau, wallahi mai kyau. Amarya ce aka kai tsohon gidan gado a cikin birni, akwai wata mata da ke shigo mata kullum bayan isha'i, tana taya ta hira, tana yi mata kitso, amarya ta ɗauka maƙwabciya ce. Kashi 13 a zangon farko. Muka yi ciniki, ya ba ni kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, ya ce ciko sai YouTube ta fara biya. Ya dafa ƙirji, ya ce ni yayansa ne. Ban rubuta komai ba, ban kira shaida ba.

Na ce masa da darakta sharaɗina ɗaya: matar nan ba za a shafa mata komai ba. Atamfa, ɗankwali, lalle a hannu, kamar kowace mace. Sauran ku bar mini.

Abin da na yi shi ne na cire mata inuwa. A ɗakin amaryar fitilar ƙwai ce a ajiye a ƙasa, don haka inuwar kowa tana hawa bango, ta amarya, ta gado, har ta butar da ke lungu. Ta baƙuwar kaɗai babu. Ka san me wannan ke nufi a aiki? Hoto 25 ne a kowace daƙiƙa. Fitowa mai daƙiƙa 40 hoto 1,000 ke nan, kuma harshen fitila rawa yake, haske ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka bangon da na ɗauka babu kowa ba ya dacewa sai na bi da hannu ina daidaitawa. Inda inuwarta ta hau kan ta amarya lokacin kitso, nan ne na kusa makancewa. Ba wuta, janareto nake kwana da shi, man da na ƙona da kuɗin aljihuna ne. Sannan sauti. Na je bayan gari da daddare na naɗo kukan gyare, na shimfiɗa shi a ƙarƙashin duk fitowar dare, sai in yanke shi ɗif daƙiƙa biyu kafin ta yi sallama. Mai kallo bai san me ya canza ba, amma tsikar jikinsa ta riga ta tashi. A ƙarƙashin muryarta kuma na sa muryar wani tsoho yana maimaita kalamanta, can ƙasa-ƙasa, sai mai abin saurare a kunne ne zai ji.

Kashi uku na farko shiru, sai masu cewa labarin yana jan ƙafa. A na huɗu wata mata ta rubuta layi ɗaya, ta ce tana kallo daga Maraɗi: ku duba bango, baƙuwar nan ba ta da inuwa. Kai, yaro! Ranar ban yi barci ba don murna. Mutane suka koma kashi na ɗaya suna tsayar da hoto suna dubawa. Aka shiga gardama, wasu su ce uwargidan farko ce da ta rasu, wasu su ce aljanar rijiyar gidan ce, wani ya lura ba ta taɓa cin abincin da amarya ke ajiye mata ba, wani ya ce duk sallamarta ba ta cika cikawa. Wannan na ƙarshen ma darakta ne ya shirya shi, ni ban sani ba sai da mai kallo ya tono. Wannan shi ne sharhi. Mutum ya zauna yana bincike a kan aikinka kamar mai neman allura a cikin rairayi.

Amma cikin masu rubutu akwai 'yan "a nuna mana ainihinta", irin waɗanda suka cika maka waya jiya. Su furodusa ya ji, don su suka fi yawan surutu. Ya zo ya ce in sa mata jan ido, wuta ta fito daga bakinta, ta tashi sama. Na ce ba da hannuna ba. Sai ya yi laushi, ya ce shi ke nan, Yaya, yadda ka ce. Bayan kwana biyu ya dawo da daddare yana sauri, wai wata tashar talabijin tana son ganin sauran kashin gobe da safe, in ba shi faifan ajiya ya kai ya dawo da shi. Na ciro faifan da hannuna na ba shi. Duk aikin yana ciki, da ɗanyen hoto da wanda na gama, ba tambarina a kai, ba komai.

Kashi na bakwai a wayar maƙwabcina na gan shi. Ashe furodusan ya kai wa wani yaro da ke tace bidiyon biki, an manna mata idanu kamar fitilar bayan mota, hayaƙi kore yana fita daga kunnenta, an ɗora kiɗan ban tsoro da aka kwaso daga intanet a kan kukan gyaren da na sha cizon sauro na naɗo. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron bai ma san da zancen inuwa ba. Ya ɗauko ɗanyen hoto a fitowa biyu, sai ga inuwarta ƙatuwa a bango. Su wa suka fara tsinewa? Waɗannan dai da suka ce a nuna. Suka mai da abin wasa, ana yanka fitowar ana yaɗawa a TikTok ana dariya. Matar Maraɗi ba ta sake rubuta komai ba. Kuma sunana ne a ƙarshen shirin a matsayin mai tace hoto, bai cire ba. Wata shida ba wanda ya kawo mini aiki mai kauri, ana cewa tsufa ya kama ni.

Ciko kuwa har yau. Na kai ƙara wurin manyan sana'a, aka zaunar da mu, ya rantse cewa shirin bai kawo ko sisi ba kuma ni na jinkirta masa aiki. Aka ce ina takarda? Babu. Aka ce in yi haƙuri. Babur ɗina na sayar na biya bashin mai da na yaran da suka taya ni. Haƙurin na yi, amma ban yafe ba, zai same ni a gaban Allah.

To ga amsar ko ka bi maganarsu. Karanta sharhi, amma ka san wanda kake karantawa. Mai cewa "wuta, wuta" da mai zagin uwar jaruma duk ka wuce su. Mai ba ka umarnin abin da za ka saka, wannan bai san abin da yake so ba, yau ya nema gobe ya tofar. Wanda za ka tsaya a kansa shi ne mai hasashe, mai cewa ina jin kaza ce, ku duba minti na sha biyu. Shi ya nuna maka ƙugiyarka ta kama. Sai kuma mai gyara maka al'ada ko addini, wanda zai ce malamin da ke ruƙiyya a shirinku ya karanta aya ba daidai ba, ko ya ce kun sa boka ya fi ƙarfin addu'a. Wannan ka gode masa ka gyara da wuri, don in bai faɗa ba hukumar tace fina-finai, da take nan a Kano tun 2001, za ta faɗa, kuma ita ba sharhi take rubutawa ba. Idan kuma mutum goma suka ce ba sa jin magana sai kiɗa, to laifinka ne, ba wata gardama.

Na duba kashi na uku naka da safe kafin ka zo. Aljanar ba ta da laifi, kai ne ka nuna ta da wuri, kuma ka haska tsakar gidan kamar filin ƙwallo. Rage hasken nan. Fitowarta ta farko ka yanke ta gaba ɗaya, ka bar mana ƙofar da ta buɗe da kanta da sawun ƙafa jiƙaƙƙe a kan siminti. Cire kiɗan, ka je ka naɗo sautin dare na gaske. Furodusanka kuma, kafin ya karɓi ko daƙiƙa ɗaya, tambarin shagon nan zai hau tsakiyar hoton, kuma ka kawo shi nan ya sa hannu a takarda a gabana da shaidu biyu. Faifan ajiya ba ya fita ƙofar nan sai ciko ya shiga. Tashi ka kunna janareto, sun ɗauke wuta.