Amsa ga Yaya a Bauchi: mu da kayan wasan da aka daina yi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da iyali da jikoki, da duk mutanen gida. A gaishe da Goggo da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso. Ka tambaya wai da gaske ne a nan Ingila dattawa masu furfura na sa kuɗinsu suna sayen kayan wasan yara, kayan ma da aka daina yi tun zamanin yaƙin basasa, har wasu Hausawa sun shiga ciki, har da ni ƙaninka. Da gaske ne. Ka kuma tambaya ko akwai riba a ciki, in kuwa babu, ko wannan bai zama almubazzaranci ba. Tambaya ce ta gaskiya, kuma ka cancanci cikakkiyar amsa.

Wanda nake tarawa sunansa Bayko. Tunda gini ne sana'arka, ba zan sha wahalar kwatance ba. Akwai wani koren faranti mai ƙananan ramuka a jere, shi ne harsashin. Sai siraran tsinkayen ƙarfe masu tsawo daban-daban, su ne rodinsa, a kafa su tsaye cikin ramukan bisa filan gidan da ake so. Bulon kuwa, ja da fari, kowanne yana da tsagi a gefe biyu, sai a zura shi ta sama tsakanin tsinke da tsinke ya sauka ya zauna. Haka ake zura taga, haka ake zura ƙofa. In an kai linta sai a ɗora wani falle mai ramuka ya kama kawunan tsinkayen, ya riƙe bango kada ya buɗe, sannan a ci gaba da bene ko a kifa rufi. Wanda bai lissafa tsawon tsinkensa tun daga ƙasa ba, sai ya kai sama ya ga ƙarfe ya ƙare bango bai ƙare ba, dole ya warware ya sake. Na san wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka.

Wani injiniya mai suna Charles Plimpton ne ya ƙirƙiro shi a nan Liverpool, ya fito kasuwa a 1934. Da bakalait aka fara yinsa, irin tsohuwar robar nan mai tauri da nauyi da ake yin jikin rediyo da kan tarho da ita a da, wadda ba ta narkewa amma in ta faɗi sai ta tsage. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, bayan yaƙi aka ci gaba. Plimpton ya rasu a 1948, matarsa ta riƙe kamfanin, daga baya wajen 1960 kamfanin Meccano, shi ma na nan Liverpool, ya karɓa ya koma yinsa da roba mara nauyi. A daidai lokacin ne Lego na ƙasar Denmak ya shigo kasuwar Birtaniya. Shi Lego bulonsa na kama juna da kansa, babu tsinke, kuma yaro zai iya yin mota da jirgi da duk abin da ya zo masa a rai. Bayko kuwa gini kawai ya sani, ga cin lokaci, ga ƙarfe mai tsini da iyaye mata ba sa son gani a hannun ƙaramin yaro. Meccano ɗin ma ya shiga matsalar kuɗi, wani kamfani ya saye shi a 1964, zuwa 1967 an daina yin Bayko gaba ɗaya. Yau in ka tare matasa a titin garin da aka haife shi ka ambaci sunansa, da wuya ka sami wanda ya taɓa ji.

Kafin in zo kan dalilin tarawa, sai ka fahimci yadda dare yake a nan. A watan Disamba magariba na yi kafin ƙarfe huɗu na yamma, gari ba ya wayewa sai bayan takwas. Ga sanyi, ga yayyafi. Babu tabarma a ƙofar gida, babu majalisar mai shayi, babu maƙwabcin da zai leƙo ya ce yana wucewa ne ya tsaya a gaisa. Kai in ka idar da isha'i a Jahun, kafin ka kai gida ka gaisa da mutum nawa? A nan dattijo zai yi ritaya, 'ya'ya sun watse wasu garuruwa, matarsa ta rasu, ya wuni ya kwana bai yi magana da kowa ba sai mai kawo wasiƙa. Shi ya sa kusan kowane tsoho a ƙasar nan yake da abin da ya ɗaura wa ransa: wani kan sarki, wani tsofaffin agoguna, wani ƙananan jiragen ƙasa. Masu abu iri ɗaya sai su nemi juna, su kama hayar ɗakin taro na unguwa, su baje kayansu a kan tebura, a sha shayi, a yi musu a kan wace shekara aka sauya launin taga. Na daɗe ina shiga irin wannan zama, kuma abin da na gani shi ne rabin hirar ba ta kayan ba ce. Ana tambayar wanda bai zo ba, a ji yana asibiti, a je a duba shi. Wanda ya rasu, 'yan ƙungiya na cikin masu raka gawarsa.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, kuma ba zan ce maka duk mun zama masu tara kayan wasa ba. Kaɗan ne a cikinmu. Yawancinmu aikin asibiti ne, ko koyarwa, ko tuƙi, wasu karatu ya kawo su suka zauna. Haɗuwarmu ita ce Juma'a, da suna, da ta'aziyya, da Sallah. Sai kuma zaman da muke yi a falon wani ranar Asabar, yau gidan wannan, wani makon gidan wancan, mata su haɗa tuwo da miyar kuka in an samu wanda ya taho da kuka da daddawa daga gida. A irin wannan zama ne Bayko ya sami gindin zama. Yaranmu da aka haifa a nan, da an shigo kowa ya kama lungu da wayarsa, Hausarsu kuma ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Amma in aka juye kwali a tsakar falo, aka ce yau Hausa kawai za a yi, sai ka ji "miƙo min taga", "wannan tsinken ya yi gajere", "bangonka ya karkace". Yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu da kakarsa a waya, sai ga shi yana gardama da Hausa saboda an ɗauke masa ƙofa.

Akwai wani abin da ya fi wannan taɓa ni. Gidajen da ke cikin littafin Bayko gidajen Turawan wancan zamani ne, irin waɗanda aka gina miliyoyinsu tsakanin yaƙin farko da na biyu: jan rufi, taga mai ƙullutu a gaba, garejin mota a gefe. Duk ɗakuna a dunƙule ƙarƙashin rufi ɗaya, fili a waje. Wata rana muka ce da yara a ajiye littafi, a gina gidan Bauchi. Muka jera ɗakuna a gefe-gefe muka bar tsakiya a buɗe. Nan tambaya ta ɓarke. Me ya sa baƙo zai tsaya a zaure? Me ya sa ƙofar zaure ta ciki ba ta kallon ta waje? Ina ake girki, ina rumbu, ina turaka? Abin da na yi shekaru ina son faɗa wa 'ya'yana game da kunya da sutura da karɓar baƙo, ban sami hanya ba, sai ga shi ya fito a kan koren faranti. Da muka zo rufin zaure kuwa kayan suka gaza, don babu yadda za a yi ɗaurin guga da tsinke miƙaƙƙe. Sai na ba su labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Na gaya musu da ƙasa da azara aka tayar da waɗannan bakuna, ba siminti ba rodi. Babbar 'yata ta ce in mun zo gida sai an kai ta ta gani da idonta.

Yadda ake samun kayan kuwa, sai ka san al'adarsu ta gado. Gidajensu na da wani sarari tsakanin silin da rufi, nan ake jibge duk abin da aka daina amfani da shi, ya yi shekara hamsin ba a taɓa ba. In tsoho ya rasu, 'ya'ya sukan sayar da gidan ne, su kwashe kayan su kai shagunan ƙungiyoyin agaji, ko gidan gwanjo, ko kasuwar bayan mota, wadda ake ci da sassafe ranar Lahadi a fili, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya baje tarkacen gidansa. Wasu kuma su sa a eBay, wata kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Mai tarawa abu uku yake dubawa: ko kwalin asali na nan, ko littafin filan na ciki, ko kayan sun cika. Za ka ga dattijo ya zauna da takarda yana ƙirga bulo ɗaya bayan ɗaya. Na bakalait ana gane shi da nauyi, kuma in ka goga shi da yatsa ya yi ɗumi yana da wani wari na magani. Wanki da ruwan ɗumi ne da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a shanya a inuwa don rana na cin launi. Tsinkayen su ne masu tsatsa, sai an bi su da soson ƙarfe.

Batun riba, babu ita, Yaya, kada wani ya ruɗe ka. An yi kayan da yawa a zamaninsu, masu nema kuma kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi, kullum raguwa suke yi. Saiti na gama-gari bai fi kuɗin cefanen 'yan kwanaki ba. Wanda ke tsada shi ne na kafin yaƙi da ya zo cikakke da kwalinsa, ko wani ɓangare da ba a yi da yawa ba. Wanda ya shigo don ya juya kuɗi zai yi asara. Ni rashin farin jinin nan ma shi ya ja ni, don abin da kowa ke rububi 'yan kasuwa sun riga sun mamaye shi, wannan kuwa har yanzu mutum zai ba ka tagar da kake nema kyauta don kawai ya ji daɗin ganin gininka ya cika.

Almubazzaranci kuwa, ban ɗauki maganar da wasa ba, kuma mu ma nan mun sha tattauna ta. Ka'idar da muke bi a tsakaninmu a bayyane take: kuɗin gida ne farko. Abincin iyaye, kuɗin makarantar ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa, asibiti, zakka, gudummawar da muke haɗawa in wani ya rasu. Wanda aka ji mahaifiyarsa na neman magani a gida shi kuma yana gidan gwanjo, ba za a ƙyale shi ba, manya za su kira shi gefe. Bayan an sauke waɗannan, ɗan abin da mutum ya ware don ya sami natsuwa ya kuma zauna da 'ya'yansa, ban ga laifinsa ba. Ka kuma kwantar da hankalinka, babu mutum-mutumi a ciki, bango ne da taga da rufi.

Ka tuna jeren Inna, Allah ya jiƙanta? Fanteka da kumbo da tasoshin da ta jera har kusa da rufi, ba a cin abinci a cikinsu, amma ta san wanda aka kawo ranar aurenta da wanda ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta. Da ta rasu aka raba, aka ba masu gwangwan sauran, yau ko ɗaya babu a gidanmu. Wannan yana ci mini rai. Turawan nan sun adana har kwalin abin wasan da kasuwa ta ƙi, za su gaya maka shekarar da aka yi shi. Mu kuwa motocin kara da muka yi a bayan ganuwa, da na gwangwanin madara masu tayar silifa, da na waya masu dogon sitiyari, wa ya ajiye ko guda? Yaro ne ya zana su a kansa, ya nemo kayan a bola, ya haɗa ba littafi ba filan. A ganina wannan ya fi Bayko nuna basira, kuma 'ya'yana ba su taɓa riƙe ɗaya ba.

Don haka ina da roƙo. In har yanzu akwai yaran da ke yin su, a unguwa ko a ƙauye wajen su Kawu, a sa su yi mini na kara da na gwangwani da na waya, a biya su haƙƙinsu da kyau, kada a karɓa kyauta. A ɗauki bidiyon yaron yana yi tun daga fere karan, yana faɗin sunan kowane ɓangare da bakinsa. Na karan a naɗe shi da auduga cikin kwali mai ƙarfi, don ba ya jure matsi.

Ni kuma na ware saiti ɗaya cikakke da littafinsa, zan ba mai tahowa gida bayan Sallah ya kawo wa jikokinka. Rubutun Turanci ne amma zanen ya isa, kai da ka saba karanta filan ba za ka buƙaci tafinta ba. A nisanta tsinkayen daga masu rarrafe da masu sa abu a baki, kuma in an gama a ƙirga kafin a mayar cikin kwali, don wanda ya ɓata a Bauchi sai dai in sake nemo shi daga nan.

A gaida Yaya Babba da yara. Sai na ji daga gare ka.