Ga ƙanenmu mai shirin tafiya Biyetnam koyar da Turanci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, tun bayan sallar asuba na ga tambayarka, sai da na karanta ta sau uku kafin hannuna ya iya rubutu. Ka ce wata makarantar koyon harshe a Hanoi ta ɗauke ka aikin koyar da Turanci bayan hirar minti goma ta waya, sun ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido daga baya su gyara maka takardu, ga kuma wani ejan a Ikeja yana jiran kuɗinsa kafin ƙarshen wata. Kana son sanin yadda za ka gane ko makarantar ta ƙwarai ce. Wallahi ba don ƙasar ta bambanta ba, da na ce labarina aka ba ka ka kwafa.

Ni Turkiyya na je, Istanbul, a watan Satumba na 2021. Waɗanda suka san ni a Agege sun san shekara nawa na yi ina koyarwa a makarantar kuɗi kafin nan. Wanda ya haɗa ni da aikin ba baƙo ba ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, ya ci tuwo a gidanmu ba sau ɗaya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, in na cuce ka Allah Ya isar maka." Yayana ya sayar da babur ɗinsa aka cika wa mutumin kuɗi. Har yau ina ganin mutumin a wajen ɗaurin aure da babbar riga, yana miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba. Ranar da na tare shi da maganar, cewa ya yi shi dai tikiti da biza ya yi alkawari, kuma ai na hau jirgi. Na hau jirgi! Ka ji fa.

Abu na farko: maganar "shigo tukuna mu gyara" ita ce igiyar da ake ɗaure mutum da ita. Bizar yawo ba ta halatta aiki, a Turkiyya ko a Biyetnam. Izinin aiki makaranta ce ke nema maka, kuma sai da takardun da tun daga gida ake haɗa su: digirinka da aka tantance a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, takardar shaidar 'yan sanda da muke karɓa a ofishinsu na Alagbon a Legas, ga gwajin lafiya. Su waɗannan naka, sun tambaye ka ko ɗaya daga ciki? In ba su tambaya ba, da me za su nema maka izinin? Ni ba wanda ya tambaye ni komai sai hoton fasfo, ni kuwa har murna nake na samu masu sauƙin kai.

Wata bakwai na yi, kullum daraktan makarantar yana ce mini takarduna suna Ankara. Mutum ne mai fara'a, ba ya shiga aji sai da murmushi. Ranar farko ya ja ni gefe ya ce in ɗalibai sun tambaya in ce daga Amurka nake, don iyaye ba sa biyan kuɗi saboda malami ɗan Afirka. Ni da na yi digiri a Turanci, na koma ina haddace sunan wani gari da ban taɓa takawa ba. Wani yaro ɗan shekara goma ya tambaye ni wace ƙungiyar ƙwallon kwando nake goyon baya a garinmu, na tsaya ina zufa cikin sanyi.

Amma ranar da ba na mantawa ita ce cikin watan Janairu na 2022, makon da dusar ƙanƙara ta rufe Istanbul har aka dakatar da jirage. Ina tsakiyar darasi sakatariya ta leƙo a firgice ta ce masu bincike sun zo. Ta kama hannun rigata a gaban ɗalibai, manya ne ma wannan ajin, har da wani likita, ta tura ni ɗan ɗakin da ake ajiye bokiti da tsintsiya, ta murɗa makulli ta waje. Ba taga, ba wurin zama. Awa biyu da wani abu ina tsaye, ƙafafuna sun daskare, ina jin muryar daraktan yana dariya da su yana ba su shayi. La'asar ta wuce ni a ciki. Na tuna babur ɗin yayana, na tuna yadda aka rako ni filin jirgin Murtala Muhammed da mota biyu, sai hawaye. Da aka buɗe, buɗar bakin daraktan sai ya ce in koma aji, saura minti ashirin. A ƙarshen wata ya yanke mini kuɗin awa biyun nan, wai ban koyar ba. Wa zan kai wa ƙara? Wanda ba shi da takarda in ya je wajen 'yan sanda kansa ya kai.

Kuɗin ma, ka duba da wane kuɗi za a biya ka. Nawa lira 6,000 ne. Lokacin da na sauka dala tana wajen lira takwas da rabi, kafin ƙarshen Disamba ta taɓa sha takwas. Albashi ya narke a hannuna rabi da rabi. Kuma ka tambaya, awa nawa suka lamunce maka a wata? Yawancin makarantun nan da awa suke biya, in ɗalibai sun yi ƙaranci kai ka sani. Masauki fa, kai da mutum nawa? Mu huɗu ne a ɗaki biyu.

Yanzu abin da da na yi shi da ban tafi ba. Ka ce su ba ka lambar malaman waje biyu da ke aiki a can, ɗaya baƙar fata. Sannan kai da kanka ka nemo wanda ya bar makarantar, shi ne zai faɗa maka gaskiya, wanda ke ciki bakinsa a ɗaure yake. Facebook cike yake da zaurukan malaman Turanci na Hanoi, ka shiga ka rubuta sunan makarantar ka gani. In ka ga duk wata biyu suna tallar neman malami, ka tambayi kanka ina na jiya suka tafi. Ka sa su kira ka ta bidiyo su zaga da kai azuzuwa lokacin da ake karatu, ka nemi lambar rajistarsu da adireshi ka duba a taswira. Tawa a hoto bene ce mai hawa biyar, da na je hawa ɗaya ne a saman shagon sayar da waya. Ga ofishin jakadancin Biyetnam a Abuja, tambaya ba ta cin kuɗi. Fasfonka kuma kada ya kwana a hannun kowa.

Kuma 'yan uwa masu cewa a tafi Koriya ta Kudu ta fi, ku daina ɓata wa yara lokaci. Bizar koyar da Turanci a makarantun kuɗi na can 'yan ƙasashe bakwai ake ba wa, a Afirka kaf Afirka ta Kudu ce kawai a ciki. Kuɗin da za ka ba ejan gara ka zuba shi a CELTA, takardar shaidar ƙwarewa a koyar da Turanci, ita ko'ina ana ganin girmanta.

Na dawo da azumi a bakina, bayan na biya tarar wuce wa'adi a filin jirgi da kuɗin da 'yan Najeriya na unguwar Aksaray a Istanbul suka haɗa mini, Allah Ya saka musu. Ban gama tara kuɗin babur ɗin ba gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa a watan Yuni, yayana ya ce in bar shi kawai. Wannan "bar shi" ta fi mari ciwo.

Kada ka ba ejan ɗin nan ko sisi a makon nan, ko ya ce gurbin zai wuce. Turo mini kwantiragin ta akwatin saƙo in karanta, in ma sun ba ka. In kana kusa da Agege kuma, ka same ni bayan Magariba, ina da sauran bayani da ba zan rubuta a nan ba.