Tambaya da Amsa: Wane Babban Babur Ne Ya Dace da Hanyoyinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Kaduna, ina zaune a Unguwar Rimi. Shekara tara ke nan ina hawan Bajaj Boxer zuwa wurin aiki. Yanzu Allah ya hore mini 'yan kuɗi, ina so in sayi babban babur na tafiya mai nisa, in riƙa fita ganin ƙasa ranakun hutu, wani lokaci da maiɗakina a baya. An nuna mini Yamaha FJR1300 ɗan Kwatano, ya shiga raina ƙwarai, amma abokina ya ce in nemi Suzuki V-Strom 650. Wanne zan ɗauka? Wace hanya ce ta dace in fara bi? Sannan kayan nan masu kauri da mahaya ke sawa, dole ne a wannan zafin namu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a abin da ya hore. Ba zan yi maka kwana-kwana ba: ka ji maganar abokinka.

Ban raina FJR1300 ba. Tun fitowarsa a 2001 yake cikin baburan da aka fi yabo wajen cin dogon zango. Tankinsa lita 25 ne, yana da gilashin da ke tare iska, kuma ba shi da kaca, sandar ƙarfe ce a rufe take juya tayar baya, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne a ƙurar hunturu. Amma duba tazarar da kake son tsallakewa. Boxer ɗinka bai fi kilo 120 ba, ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. FJR yana kusan kilo 290 in an cika shi da mai, ƙarfinsa ya haura doki 140. Ka ɗora Hajiya da jakunkuna biyu, sannan ka shiga cunkoson Kawo da azahar, mai Keke Napep ya yanko gabanka ba sigina. Hannun da ya saba murɗa totur har ƙarshe kafin Boxer ya motsa, in ya yi haka a kan FJR, kafin ya ankara ya tarar da bayan motar da ke gaba. In kuma ya karkata kana tsaye, ƙafa ɗaya ba za ta tare shi ba. Shekara taran nan ta koya maka karanta hanya da halin direbobinmu, wannan babban jari ne, amma ba ta koya maka nauyi ba.

Ga kuma ita kanta hanyar. An ƙera FJR ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwaltar Turai. Tsakanin cikinsa da ƙasa santimita 13 ne kawai, tayoyinsa inci 17, jikinsa duk roba ce mai tsada. Tudun rage gudu irin wanda mutanen ƙauye ke yi da kansu zai riƙa dukan cikinsa, rami ɗaya mai kaifin baki kuma ya isa ya lanƙwasa maka ƙarfen taya. 'Yan farkon fitowa, wato na kafin 2006, an san su da gasa ƙafafun mahayi da zafin inji, ka tuna da watan Afrilu a Kaduna. V-Strom 650 kuwa nauyinsa kilo 215 ne ko kusa da haka, ƙarfinsa wajen doki 70, tayar gaba inci 19, cikinsa kuma ya fi nisa da ƙasa. Masu tsaurin ra'ayi za su ce ai wannan ba na gudu da doguwar tafiya a kwalta ba ne zalla irin FJR, ya fi kusa da na shiga daji. Gaskiya ne, kuma dalilin da ya sa nake so maka shi ke nan, domin a tafiya ɗaya za ka ga kwalta mai kyau, ka ga gargada, ka ga inda aka karkatar da hanya ta cikin jar ƙasa. Lita 20 ɗinsa tana haura kilomita 300 hankali kwance. Aibinsa tsayi: ka hau ka gani ko ƙafafunka na taɓa ƙasa sosai kafin ka biya.

Ranar saye ka je da bakaniken da ya san babur mai injekta, wato na'urar da ke fesa wa inji mai, ba kowane mai gyaran acaɓa ba. Ka ce kada a tayar da injin kafin ka iso, ka ɗora hannunka ka ji shi da sanyi, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Ka durƙusa ka duba gefen taya, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. In an rubuta 2318, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta na nan raɗau. Ni wannan darasin da fatar jikina na biya shi. Na taɓa sayen babur a hannun wani dillali da ya goge tayoyin da mai suna sheƙi, ban duba lambar ba. Mako na biyu aka yi ɗan yayyafi, na taɓa birki a wata kwana, sai na tsinci kaina ina jan ƙasa, babur na gaba ina biye. Takardun kwastan kuma ka gwada lambar da ke jikinsu da wadda aka buga a wuyan babur, harafi bayan harafi. Sai lamba, inshora, da lasin babur, wato rukunin A.

Yanzu maganar kaya, wadda ita ta fi damuna a tambayarka. E, dole ne, kuma kafin ka yi cinikin babur ka ware kuɗinsu, naka da na Hajiya. In kuɗin bai kai ba, babur za a rage wa daraja, ba kaya ba. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular kwano, amma kwanon da ake sawa don gudun kamu daban, wanda ke tsare kai daban. Ka nemi mai rufe fuska har haɓa, mai tambarin gwajin inganci na Turai, wato ECE 22.05 ko 22.06, a jikin maɗaurinta. Ta kama kumatunka, in ka girgiza kai kada ta yi lilo. Kada ka sayi ta gwanjo: kumfar da ke ciki bugu ɗaya take ɗauka, in ta taɓa faɗuwa da wani ta gama aiki, kuma ido ba ya gani daga waje.

Zafi kuwa an riga an yi masa magani. Akwai jaket mai raga-raga wadda iska ke ratsawa, da matashin kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya. In kana tafiya ta fi ƙaramar riga daɗi, domin rana ba ta dukan fatarka kai tsaye. Safar hannu ta fata, saboda tafin hannu ne ke fara isa ƙasa. Takalmi mai rufe idon sawu, wando mai kariyar gwiwa. Ga abin da ba kasafai ake faɗa ba: babbar riga, dogon kaftani, zane da dogon hijabi abokan gabar kaca ne. Mata da yawa sun faɗo daga babur a garin nan saboda taya ta naɗe bakin hijabi, a gudun acaɓa ma ke nan. Hajiya ta sa wando mai kauri da riga iya gwiwa, ƙaramin hijabi ta cusa bakinsa cikin jaket. Kayan fita kunya a saka su a jaka, in an isa a canza. Kuma kada ka goya ta sai ka yi wata biyu ko uku kai kaɗai.

Fitar farko ka yi Zariya. Kilomita 80 ne ko kusa da haka, tagwayen hanya ta Maraban Jos da Jaji. Ka tashi bayan gari ya waye, ka ga dutsen Kufena, ka zaga ta ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ka dawo kafin la'asar. A nan za ka koyi yadda iskar tirela ke ture babur in ka zo wuce ta.

Wadda ta fi ƙayatar da ni ita ce ta kudu: Sabon Tasha, Kujama, Kasuwan Magani, Kajuru inda wani Bajamushe ya gina katafaren gidan dutse a kan tsauni, sai Kachia ƙasar citta, Zonkwa, har Kafanchan. A ƙarshen damina, wajen Oktoba, ƙasar nan kore shar take, ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya yana zubowa da ƙarfinsa har feshinsa na taɓa fuskarka tun daga nesa, dutsen Kagoro kuma ya tsaya maka a gaba da gajimare a kansa. Daga nan ana hawa ta Manchok zuwa Vom da Jos, mita 1,200 sama da teku, inda za ka gode wa jaket ɗin da kake ƙorafi a kanta. Sai dai wannan hanya ta sha fama da masu garkuwa da mutane, musamman yankin Kajuru da Kachia. Kada ka bi ta kai kaɗai, kada ka bi ta da duku-duku ko bayan la'asar, kuma ranar da za ka tashi ka je tasha ka tambayi direbobin da suka shigo da safen nan, su ne ke da labarin yau. In sun ce a dakata, ka dakata. Hanyar Birnin Gwari kuwa ba ta yawon buɗe ido ba ce. Ka riƙa bin sanarwar gwamnati ma, ka tuna a ƙarshen Satumban 2021 an hana hawa babur a faɗin jihar, na haya da na gida, saboda tsaro.

A hanya ka sha mai a gidan mai tun tanki na rabi, injekta ba ta jure man 'yan bumburutu. Baƙin mai ka sa na babur mai alamar JASO MA2, na mota yana sa kuloci santsi. Kaca a wanke a shafa mata mai duk bayan kilomita 500 zuwa 800, da hunturu ma kafin haka. Ka riƙe kayan toshe hujin taya da ɗan famfo a ƙarƙashin kujera, ka kuma adana 122 a wayarka, lambar gaggawa ta FRSC ce. In kuwa ka hango sa guda ya hau titi, ka rage gudu tun daga nesa, sauran garken na bayan ciyawa.