Masu dubiya da ɗinkin babanka

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai tun da aka yi wa babanka aikin gwaiwa, masu dubiya ke cewa a buɗe musu su ga ɗinkin, kana tambaya ko hana manya rashin ladabi ne. Na yi murmushi, sai kuma gabana ya faɗi.

Ina saurayi aka yi wa wani kawuna irin wannan aikin. Mutum ne mai jama'a, ɗakinsa ba ya rabuwa da baƙi. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga masa riga ya ɓare filasta, wannan ya taɓa, wancan ya danna ya ce ai ya kame. Bayan 'yan kwanaki gefen ɗinkin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, shi kuwa ya ce ƙaiƙayin warkewa ne. Da ruwa mai wari ya fara tsattsafowa, ko matarsa bai gaya wa ba, don wurin na kunya ne. Daren da na kwana wurinsa ina jin haƙoransa na haɗuwa saboda rawar sanyi, numfashinsa sama-sama, yana kirana da sunan ƙanensa da ya daɗe da rasuwa. Da asuba muka ɗauke shi ranga-ranga. Likita ya warware zaren, mugunya ta yi ta zuba, ya ce cutar ta fara shiga jini. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ya daɗe ana wanke masa ramin kullum.

Kakarmu ta yi faɗa sosai. Ta ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, amma mai wankan ake nuna wa, ba 'yan kallo ba. Takan ce mai dubiya addu'a ya kawo, hannunsa ya zauna a cinyarsa.

Yanzu ma lamarin ya fi buƙatar kula, domin galibi raga ake ɗinkawa a ciki ta toshe ɓular da hanji ke bi ya sauko. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata ɗinki a kan fata da cikin hancin masu lafiya suke zaune. In suka maƙale wa ragar, magani ba ya kai musu sosai, wani lokaci sai an sake aiki an cire ta, kuma abin kan iya bayyana bayan watanni. Babanka ga ciwon suga, ga sigarin da ya ƙi bari, duka suna jinkirta warkewa.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, sai ku ɗauki hoton ciwo a waya ku tura wa abokai, ku sayi kafso ku sha rabi ku ajiye. In ka ga jan yana yaɗuwa, ko zafin jikin babanka ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi, ko ya fara sambatu, asibiti za ku koma a ranar, ko da tsakar dare ne.

Batun manya kuwa, ka ce musu likita ne ya hana. In wani ya matsa, ka kira ni ka ba shi wayar.